Mai Son Barin Giya Ya Bi Sannu

Yau za mu taɓo wata magana wadda ba a son faɗinta a fili. Maganar giya ce. A ƙasarmu mafi yawan mutane ba su sha, kuma addini ya hana. Amma duk wanda ya san gari ya san akwai masu sha. Akwai su a Yamai, akwai su a Maraɗi da Damagaram da Tawa, akwai su a ƙauyuka. Wani burkutu yake sha ran kasuwa. Wani giyar kwalba yake sha a bayan gari in dare ya yi. Wani kuma barasa mai zafi yake ɓoyewa cikin aljihu. Wasu a wurin cirani suka koyo, can Abijan ko Kwatano ko Legas, suka dawo gida da ita.

Ba tonon asiri ya kawo mu ba. Maganarmu da mutumin da ya gaji ce, wanda yake son ya bari. Kuma maganarmu da matarsa ce, da iyayensa, da ƴan'uwansa. Muna tare da su a kan cewa barin giya alheri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cewa a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600. Ba mu da gardama a kan wannan. Inda muke son a tsaya a saurara shi ne yadda ake barin. Mutumin da ya daɗe yana sha da yawa kullum, in ya bari rana ɗaya ba tare da magani ba, yana iya mutuwa. Mutane da yawa ba su san haka ba.

Bari mu fara raba masu sha gida biyu, don kada a ɗauki maganarmu a kai ta inda ba mu aike ta ba.

Akwai wanda yake sha jefi-jefi, ran kasuwa ko ran biki. Yana kwana uku, kwana huɗu bai sha ba, kuma jikinsa bai ce masa kome ba. Wannan ba shi da wani uzuri. Ya bari yau ɗin nan, babu abin da zai same shi sai sauƙi. Ba da shi muke ba.

Akwai kuma wanda giya ta shiga jikinsa. Ana gane shi da safe. Yana tashi hannunsa na karkarwa, har ba ya iya riƙe kofin shayi. Yana gumi ko da sanyin hunturu. Zuciyarsa na tashi, gabansa na faɗuwa, kome aka ce masa sai ya yi fushi. Da ya kurɓa kaɗan sai jikin ya kwanta. Wannan shi ne alamar. Likitocin Ingila suna cewa wanda yake shan abin da ya kai manyan kwalabe 5 na giya a kowace rana ya nemi taimakon likita kafin ya bari. Amma ba sai an ƙidaya kwalba ba. Karkarwar safe ta isa shaida.

Mene ne yake kawo wannan? Ku tuna da sa mai jan ruwa a rijiya mai zurfi. Wasaki ya cika, yana da nauyi, san ya miƙe wuya yana ja da iyakar ƙarfinsa. To, a ce igiya ta tsinke farat ɗaya. Me zai faru? San zai yi gaba da dukkan ƙarfin nan, ya kife, wataƙila ya karye. Haka ƙwaƙwalwar mashayi take. Giya nauyi ce, tana danne ƙwaƙwalwa, tana sa ta yi sanyi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta yarda a danne ta ba. Sai ta ƙara ƙarfi don mutum ya iya tafiya, ya iya magana, ya iya zuwa gona. Wata da watanni, shekara da shekaru, tana ja, giya na ja. Ranar da aka cire giya gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa ba ta sani ba, tana nan tana ja da ƙarfin jiya. Shi ne zuciya take gudu, jini yake hawa, jiki yake ɓari, barci yake ƙaura. Ƙwaƙwalwa tana bukatar kwanaki kafin ta gane cewa nauyin ya tafi.

Abin yana da lokutansa, kuma ya kamata kowane gida ya san su. Daga awa 6 zuwa awa 24 bayan sha na ƙarshe, karkarwa take farawa, da gumi, da amai, da ciwon kai. Cikin kwana biyun farko wasu suke faɗuwa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, ko da ba su taɓa yi ba tun da aka haife su. Wasu su riƙa ganin ƙwari na bin bango, ko macizai a kan tabarma, ko su ji ana kiran sunansu alhali babu kowa. Mafi muni yakan zo tsakanin kwana na 2 da kwana na 4. Mutum ya ruɗe ƙwarai, bai san inda yake ba, bai gane matarsa ba. Jiki ya yi zafi rau, gumi na zuba, yana sambatu, yana neman ya gudu. Ba kowa ne yake kaiwa nan ba. Cikin mutum 100 da suka shiga wahalar barin giya, kamar 3 zuwa 5 ne suke kaiwa. Amma wanda ya kai, in ba a kai shi asibiti ba, ransa yana cikin haɗari na gaske. In an kai shi da wuri, mafi yawa suna tashi.

A nan ne ake yin kuskure a gidajenmu, kuma da kyakkyawar niyya ake yin shi. Mutum ya tuba jiya, yau yana ganin macizai. Sai a ce iskoki ne. Sai a ce shaiɗanun giya ne ba su son su sake shi. A kawo hayaƙi, a kawo rubutu, wani lokaci a ɗaure shi don kada ya fita. Ana cikin haka kwana na uku ya zo. Ba mu hana kowa addu'a ba, mu ma muna yi. Amma a yi addu'ar a kan hanyar zuwa gidan likita. Wasu kuma sukan ce masassarar cizon sauro ce, tun da ga zafin jiki ga karkarwa, sai a sayo ƙwayoyi a kasuwa a ba shi. Zai yiwu ma yana da masassarar. Gwajin jini ne yake raba gardama, ba idon maƙwabta ba.

Akwai wata dabara da iyaye suke yi wadda muke roƙon a daina. Yaro ya ishe su da shaye-shaye, sai a kulle shi a ɗaki, ko a kai shi wani wuri a sa masa mari, a ce sai giyar ta fita daga jikinsa. Mun san baƙin cikin da yake kai uba ga yin haka. Amma in yaron nan mai sha ne na kullum, ɗakin nan yana iya zama kabarinsa. Haka kuma wanda aka tsare a gidan kaso, ko wanda aka kwantar a asibiti don karaya. Kwana biyu babu giya, sai ya birkice, masu jinya su rasa dalili. Duk wanda ya san ɗan'uwansa yana sha, ya ja likita gefe ya gaya masa tun ranar farko.

Lokacin da ya fi ba mu tsoro shi ne farkon watan azumi. Masu sha da yawa suna ganin girman watan, kuma wannan abin yabo ne. Sukan sha har daren da aka ga wata, sa'an nan su yanke. Ga yunwa, ga ƙishirwa, ga kuma ƙwaƙwalwa tana ja babu nauyi. In azumi ya faɗo cikin bazara, abin ya zama goma da ashirin. Mai wannan niyya ya fara shiri tun watan Rajab, watan azumin tsofaffi. Wata biyu ke nan a hannunsa, kuma sun isa.

To, wace hanya ce ta fi? Ra'ayinmu a fili yake. Hanya ta farko, wadda ta fi kowace, ita ce gidan likita. Akwai magani. Likita yakan ba da ƙwaya mai suna diyazefam, wadda take riƙe ƙwaƙwalwa a madadin giya. Yakan fara da abin da ya ga ya dace da mutum, ya riƙa ragewa kullum, cikin kamar mako ɗaya a gama. Yakan haɗa da bitamin B1, ƙwaya ko allura, domin giya tana cinye wannan bitamin a jiki, rashinsa kuwa yana lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya riƙa mantuwa har abada. In akwai amai da yawa sai a yi ƙarin ruwa. Waɗannan magunguna ba na masu kuɗi kaɗai ba ne, tsofaffin magunguna ne masu araha. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora domin ma'aikatan ƙananan gidajen likita su iya wannan aiki, ba sai babban likitan ƙwaƙwalwa ba. Wanda abin ya yi masa tsanani sai a tura shi babban asibiti, Yamai ko Damagaram ko Maraɗi ko Tawa. Babban alherin wannan hanya shi ne mutum yana iya barin giya a ranar, ba tare da ya ƙara kurɓar ko ɗigo ɗaya ba.

Amma sai an faɗa wa likita gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai shan kwalba 8 kada ya ce 2. In ya rage lissafi, likita zai rage magani, shi ne kuma zai sha wahala. Ya faɗi abin da yake sha, da yawansa, da lokacin da ya yi sha na ƙarshe, da ko ya taɓa faɗuwa.

Kada wani ya karanta sunan maganin nan ya tafi wurin masu tallar ƙwaya a kan tire ya saya. Wannan wata rijiya ce. Ba a san abin da ke cikin ƙwayar kasuwa ba, rana ma ta gama dafa ta. Kuma diyazefam in ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi, mutum ya kwanta barci bai tashi ba. Shi kansa yana kama jiki in an daɗe ana sha, a gudu ba a tsira ba. Tramol kuma, wanda samari suke haɗiya don su yi noma ba gajiya, shi ma yana jawo jijjiga. Mai barin giya da yake shan tramol ya tara wuta biyu a ɗaki ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce ragewa sannu-sannu. Mun sa ta a baya don ba ta kai ta farko ba. Amma mun san ƙasarmu. Akwai ƙauyen da sai an yi rabin yini a amalanke kafin a ga likita. Akwai magidancin da kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki gaban majo ba, domin majon ya san surukansa. Irin wannan mutum, in an ce masa ko asibiti ko babu, sai ya zaɓi babu, ya ci gaba da sha. Ko kuma wata rana zuciya ta ɗebe shi ya yanke gaba ɗaya. Gara ya san yadda ake rage ruwan wasaki kaɗan-kaɗan, har san ya tsaya da ƙafafunsa.

Ga yadda ake yi. Mako na farko ba a rage kome. Ƙidaya ake yi. Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, ga ranar karatunku. A sami ɗan littafi, a rubuta ranar, a rubuta abin da aka sha da lokacin da aka sha. Wanda bai iya rubutu ba tukuna ya riƙa jefa tsakuwa cikin gwangwani. Masu sha da yawa ba su san yawan abin da suke sha ba sai sun ga lissafin da idonsu. In an san adadin, sai a tsaya a kansa, kada yau ya zama 6 gobe 12. A raba shi cikin yini, kaɗan da safe, kaɗan da rana, kaɗan da dare. Ba don a bugu ake sha yanzu ba. Ana sha ne gwargwadon abin da zai hana karkarwa.

Daga nan sai a fara ragewa, kashi ɗaya cikin goma, duk bayan kwana 4. Mai shan kwalba 10 ya koma 9. Bayan kwana 4 ya koma 8. In ya bi haka, cikin kwana 40 ya gama. Mai shan 5 ya riƙa rage rabin kwalba. In an rage sai karkarwa da gumi suka taso da ƙarfi, an yi sauri ke nan. A tsaya a inda ake na ƴan kwanaki, jiki ya saba, sa'an nan a ci gaba. Tsayawa ba laifi ba ne. Komawa sama shi ne ɓarna.

Mai shan barasa mai zafi ya lura da wani abu. Ƙarfinta ya ninka na giyar kwalba kamar sau 8, kuma tana shiga jini da sauri. Da wuya a auna ta, tun da kurɓa ɗaya ta wuce abin da aka yi niyya. Wadda ake dafawa a ɓoye ta fi muni, domin wani lokaci akwai guba a ciki mai makantar da mutum. Gara a sauya ta da mai sauƙi a hankali, sa'an nan a shiga ragewa. Burkutu kuma ba shi da ma'auni ɗaya, na yau ba ƙarfinsu ɗaya da na jiya ba. Mai shansa ya tsaya a kan ƙoƙo ɗaya da ya sani, kada ya riƙa sauya ƙwarya.

Kada a yi wannan aiki da yunwa. Mashayi ya saba giya ta cika masa ciki, abinci ya zama na ganin dama. Yanzu sai ya ci, ko ba ya so. Kunu, fura da nono, tuwo, wake, gujiya, ganyen zogale, ƙwai, nama in an samu. Gero da wake da gujiya suna da bitamin ɗin nan da muka ambata, kuma a rumbunmu suke. A sha ruwa sosai. In akwai amai ko zawo, a haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake yi wa yara: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Cikin kwanakin nan kada ya tuƙa mota ko kabu-kabu, kada ya shiga rijiya, kada ya hau bishiya sassabe. Jijjiga ba ta sallama.

Yanzu ga gaskiyar da ba za mu ɓoye ba. Ragewa a gida tana da wuya, kuma da yawa ba su kai ƙarshe. Dalili a fili yake. Abin da ake son a auna shi ne yake ɓata hankalin mai aunawa. Bayan kwalba ta uku, alkawarin safe ya zama labari. Shi ya sa mutum ɗaya ba ya yin ta. Sai da amini, ko wa, ko ƙane, wanda zai riƙe lissafi, ya riƙe kuɗi, ya kwana kusa. Mun san ba kowa ne zai yarda ya riƙe wa wani giya ba, kuma ba mu ce dole ba. Ko littafin kaɗai ya riƙe, yana tambaya safe da yamma, ya yi babban taimako. In an gwada sau ɗaya, sau biyu, abin ya ƙi, kada a yi ta maimaitawa. Duk lokacin da mutum ya yanke ya koma, ya yanke ya koma, wahalar gaba takan fi ta baya tsanani. A nemi kuɗin mota a tafi asibiti.

Akwai kuma waɗanda ba mu yarda su gwada a gida ba ko kaɗan. Wanda ya taɓa faɗuwa ya yi jijjiga. Wanda ya taɓa ruɗewa ko gane-gane lokacin da ya bar sha. Mai farfaɗiya, mai ciwon sukari, mai ciwon zuciya, da tsoho. Wanda idonsa ya yi ɗorawa, ko cikinsa ya kumbura, ko yake aman jini, domin hantarsa ta riga ta taɓu. Ciwon hanta kuwa yana da yawa a ƙasarmu ko babu giya, balle an haɗa. Mace mai ciki, ita ma likita kai tsaye, saboda rai biyu ne. Sai wanda yake zaune shi kaɗai, da wanda baƙin ciki ya kai shi ga tunanin kashe kansa.

Mun san abin da wasu masu karatu za su ce. Za su ce jarida ta ba mashaya izini, ta ce su ci gaba da sha kwana 40. Za su ce haram haram ce, ba a tuba rabi-rabi. Mun ji, kuma ba mu raina wannan magana ba. Mu ba malamai ba ne, ba mu ba da fatawa. Hukuncin giya yana nan yadda yake. Abin da muka sani shi ne aikin jiki, kuma jiki ba ya sauya halinsa don mai shi ya yi kyakkyawar niyya. Mai son kada ɗan'uwansa ya ƙara kurɓa ko sau ɗaya, hanya a buɗe take: ya ɗauke shi ya kai shi asibiti, ya biya kuɗin magani. Wannan ya fi faɗa amfani. Malamai kuma sun fi mu sanin cewa hanin giya bai sauka rana ɗaya ba. A cikin Suratul Baƙara aka fara nuna cewa cutarta ta fi amfaninta. A cikin Suratun Nisa'i aka hana yin salla cikin maye. Daga baya, a cikin Suratul Ma'ida, aka hana ta gaba ɗaya. Muna roƙon limamai, in sun yi wa'azin barin giya kafin azumi, su ƙara kalma ɗaya: mai karkarwar safe ya fara biyawa ta gidan likita.

Wasu kuma za su ce, ai wane ya bari rana ɗaya, ga shi nan garau. Gaskiya ne, ana samu, da yawa ma. Amma ba a gane wanda zai tsira da wanda zai faɗi ta wurin duban fuska. Shi wanda bai tsira ba, ba a ce giya ya bari ya mutu. Cewa ake yi gajeruwar rashin lafiya ce, a yi addu'a a watse. Shi ya sa labarin masu sa'a kaɗai muke ji.

Masu jinya a gida su riƙe wannan. In mutum ya faɗi yana jijjiga, a kawar da wuta da duwatsu da ƙarafa daga kusa da shi. A sa masa tsumma a ƙarƙashin kai. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, kada a ɗura masa ruwa ko magani. In jijjigar ta lafa, a juya shi ya kwanta a gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi. Ba a ɗaukar wannan ciwo ta wurin yawu ko taɓawa, kada a gudu a bar shi. Daga nan sai asibiti, ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi. Haka in ya fara gane-gane, ko ya ruɗe, ko jiki ya yi zafi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko tafiyarsa ta zama tangaɗi alhali bai sha ba. Ko tsakar dare ne, a ɗaura amalanke. Tun ranar da aka fara ragewa ya kamata a san wa ke da mota ko babur a unguwa, a kuma ajiye kuɗin mai a gefe.

In an kai ranar da babu sauran sha, aiki bai ƙare ba. Barci yakan yi makonni bai daidaita ba. Rai yakan ɓaci babu dalili. Sha'awa takan taso kamar guguwa, musamman da magariba, ko ran kasuwa, ko lokacin kaka in kuɗin wake da albasa sun shigo hannu. Takan yi ɗan lokaci ta wuce, in an sami abin yi. Mutum ya sauya hanyar da yake bi zuwa gida. Ya sauya fada, ya koma inda ake shan shayi ana hira, amma ya rage shayi mai ɗaci da dare saboda barci. Mai garka ya ba ta ƙarfi da rani. Littafin nan na lissafi kuma kada a jefar da shi. A juya shafi a riƙa rubuta kuɗin da ba a kashe ba. Wanda yake ɓatar da jika 2 a rana, jika 60 ke nan a wata, jika 730 a shekara. Kowane manomi ya san buhun taki nawa ne wannan, da tunkiya nawa.

In ya zame ya sha wata rana, kada gida ya tashi da gori. Gori yana mai da mutum mashaya da gudu. Ya sani kuma jikinsa ba na da ba ne, abin da yake shanyewa a da yanzu yana iya kayar da shi. Ya koma wurin likita da wuri, kafin jikin ya sake kamawa.

Muna da roƙo ga ma'aikatan lafiya su ma. Abin da yake hana mutanen nan zuwa ba nisa kaɗai ba ne. Tsoro suke ji kada a tambaye su a gaban layi, ko a yi musu dariya, ko maganar ta riga su isa gida. Majo ya sa mutum ɗaki, ya rufe ƙofa, ya yi tambaya da murya ƙasa. Duk baligin da aka kawo yana karkarwa ko jijjiga, a tambayi mai rakiyarsa a keɓe ko yana sha, ko da mai rawani ne. Kwamitin lafiya na gari kuma ya duba ɗakin magani, ya tabbata akwai diyazefam da bitamin B1 kafin watan Sha'aban ya kama.